Kafin Ummi ta iso Abuja

Kubwa, Abuja

Ƙawata Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baban Ummi da yara. Ya zafin Sakkwato? Na ji daɗin labarin cewa nan aka turo 'yarmu bautar ƙasa. Ɗakinta na nan na share, kuma sansaninsu ba shi da nisa da gidana.

Akwai maganar da ta hana ni barci, gara in faɗa miki tun yanzu. A watan jiya wata yarinya da muke aiki tare ta je bikin zagayowar ranar haihuwa a Wuse 2. Wanda ya gayyace ta saurayinta ne, har gida an san shi. Yarinya ce mai kamun kai, ko warin giya ba ta so. Lemo aka miƙo mata a kofi, an riga an zuba. Abin da ta iya tunawa shi ne ƙafafunta sun yi nauyi, harshenta ya karye. Sai farkawa ta yi da asuba a wani ɗaki, ɗankwalinta a ƙasa, rigarta a baibai.

Likitar da ta duba ta ta ce irin waɗannan ƙwayoyi, kamar Rohypnol da 'yan shaye-shaye ke kira roci, ba su da wari, cikin kamar minti 30 sun kwantar da mutum, kuma su shafe masa abin da ya faru. Kin tuna ɗalibar nan ta jami'ar Keffi da aka yaudara ta Facebook zuwa Legas a 2012? Rohypnol ɗin nan aka zuba mata a lemo kafin a kashe ta.

Don Allah ki zaunar da Ummi. Kwalba ko gwangwani, ta buɗe da hannunta. In ta tashi zuwa bayan gida, abin shan da ta bari ta bar shi ke nan. In za ta haɗu da wani, ta faɗa mini wurin da sunansa, ta je da kuɗin motarta. Jiri ya kama ta babu dalili, ta kira ni nan take, kada ta yarda a "kai ta ta huta".

Amma abin da ya fi ci mini rai, Hajara, yarinyar nan kwana biyu ta yi a kulle tana kuka, tsoron abin da mahaifiyarta za ta ce ya hana ta magana. Saura kaɗan lokaci ya ƙure mata, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, ƙwayar kuma ba ta daɗewa a fitsari balle a gwada. Ta yi wanka, ta wanke kayanta, shaida ta tafi. Alhali dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta sa zuba wa mutum abin gusar da hankali da niyyar yin lalata da shi laifi ne mai zaman kansa, kuma hukumar yaƙi da fataucin mutane (NAPTIP) na karɓar ƙara a nan Abuja.

Na san halinki da faɗa. Wannan karon ki sassauta, ki gaya mata da bakinki cewa in wani abu ya same ta, Allah ya kiyaye, laifin na wanda ya zuba ne, kuma asibiti za mu fara zuwa kafin kowace tambaya. Daga gare ki take buƙatar jin haka, nawa ba zai wadatar ba.

Ki sanar da ni ranar da za ta taso, in tare ta a tashar Jabi. Ki gaida Inna da jiki.

Taki,
Rabi