Barka da Sallah, tsarabar bana littattafai ce

Assalamu alaikum Baba da Umma,

Barkanku da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina fata kuna lafiya, da Yaya da maigidanta da yara, da ƙannena duka biyu. Ni lafiya lau nake, sai kewarku. Yau ɗin ma ina da aikin dare a asibiti, don a nan Ingila babu hutun Sallah, shi ya sa na zauna tun da hantsi in rubuto muku kafin barci ya sace ni.

Tsarabar bana littattafai ce. Tun daga nan ina jin tsakin Yaya, amma ta yi haƙuri ta kai ƙarshen takardar. Wata abokiyar aikina za ta taho mako mai zuwa, ta yi mini alfarmar kilo biyu da rabi cikin kilo 23 na jakarta. Takarda kuwa nauyi gare ta. A nan sabon littafi da bango mai tauri yake fara fitowa, sai ya yi kusan shekara kafin a buga mai laushin bango, wanda ya fi sauƙin ɗauka. Biyu daga cikin biyar ɗin da na aiko masu taurin ne, su suka cinye rabin nauyin.

Tun Disamba na saye su, lokacin da kasuwar littafi take ci a ƙasar nan. A Oktoba ake sanar da wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi, a Nuwamba a sanar da ta Booker, babbar kyautar littattafan labari na Turanci, kafin a ankara an manna wa littattafan da suka ci tambari a bango, an jibge su a teburin bakin ƙofar kowane kanti, masu sayayyar Kirsimeti suna ɗiba. A ƙasar Aislan ma abin ya fi haka: tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da kaya suka yi wuya amma takarda tana samuwa, suka saba da ba juna kyautar littafi a daren 24 ga Disamba. Abin ya burge ni. Sai dai na lura yawancin masu saye a nan cinikin biri a sama suke yi. Mutum ya ɗauki abin da bai karanta ba, ya naɗe, ya ba wanda bai san me yake so ba. Idan Janairu ya kama kuka leƙa kantin gwanjo, za ku tarar da irin waɗannan littattafan sababbi fil, wani ma da rubutun wanda ya ba da kyautar a shafin farko, ba a ko lanƙwasa shi ba.

Ni ma saura ƙiris in faɗa ramin. Na ɗauko wanda ya ci Booker ta 2025, Flesh na David Szalay, na ce wannan na Baba ne, tunda alƙalai sun yaba. Allah ya taimake ni na buɗe shi a bas a hanyar gida. Labarin wani ɗan ƙasar Hangari ne da ya taso a talauce, ya zo Landan ya shiga cikin masu kuɗi, mutum ne da ba ya magana sai kalma ɗaya ko biyu. Marubucin gwani ne, ban musa ba, amma tun babin farko akwai abubuwan da ko kusa ba zan miƙa wa mahaifina ba. Har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Daga ranar na yanke cewa duk wanda zai shiga jakar sai na karanta shi daga bango zuwa bango. Dalilin da ya sa tsarabar ta kai har Sallah ke nan.

Baba, naku shi ne Theft, wato Sata, na Abdulrazak Gurnah. Kun san shi, ɗan Zanzibar ɗin nan da ya ci Nobel a 2021. An haife shi a 1948, ya zo Ingila yana saurayi a matsayin ɗan gudun hijira, ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Kent. Wannan ne littafinsa na farko bayan kyautar, ya fito a 2025. Matasa uku ne a ciki, Karim da Fauziya da Badar, tsakanin Zanzibar da Darussalam, a zamanin da 'yan yawon buɗe ido suka fara cika tsibirin. Badar ne ya tsaya mini a rai. Yaro ne da aka kai aikatau wani gida ba tare da an gaya masa dalili ba, bai yi nisa a makaranta ba, aka zo aka ɗora masa sata. Karim ya tsaya masa, ya samo masa aiki a otal. Daga nan fa sai littafin ya shiga tambayar da na san za ta ja hankalinku: wanda aka yi wa alheri, har yaushe zai ci gaba da biyan bashin godiya? Kuma shi mai alherin, don Allah ya yi ko don a riƙa tuna masa? Gurnah ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya. Yana ba da labari kamar dattijon da ya san babu inda masu saurarensa za su je. Shafuka hamsin na farko sai an daure, sunaye da dangantaka sun yi yawa, ni sai da na zana su a bayan takarda. Na bar muku takardar a ciki. Shekarun da kuka yi kuna koyarwa, na tabbata kun ga Badar fiye da ɗaya a ajinku.

Umma, na san idanunku ba sa son ƙananan rubutu yanzu, don haka na zaɓo muku na gajerun labarai, Yaya ko Auta su riƙa karanta muku ɗaya-ɗaya suna mayarwa da Hausa. Sunansa Heart Lamp, kamar a ce fitilar zuciya. Wata lauya Musulma ce daga jihar Karnataka a kudancin Indiya, Banu Mushtaq, ta rubuta labaran da harshen Kannada cikin shekaru sama da talatin, daga 1990 zuwa 2023, wata mata mai suna Deepa Bhasthi ta zaɓi 12 ta fassara su zuwa Turanci. Shi ya ci Booker ta littattafan da aka fassara a watan Mayun 2025, kuma shi ne littafin gajerun labarai na farko da ya taɓa cin ta. Abin da ya ƙara burge ni, fam 50,000 na kyautar raba daidai ake yi tsakanin marubuci da mai fassara. Labaran na cikin gida ne: mata da mazajensu, matar da aka yi wa kishiya aka yi watsi da ita da 'ya'ya, wadda ta kai kuka gidan iyayenta aka ce ta koma ta yi haƙuri, manyan unguwa masu riƙe da masallaci da yadda suke yanke hukunci. Akwai ban dariya, akwai wanda sai da na ajiye littafin na share hawaye a ɗakin hutunmu, wata Baturiya tana tambayata ko lafiya. Mai fassarar ta bar kalmomin Larabci da Urdu da yawa yadda suke, don haka wasu wuraren da Turawa ke tuntuɓe, ku za ku wuce sumul. Ina so in ji wanne ya fi taɓa ku.

Yaya, ke kuma ga Dream Count na Chimamanda Adichie, wanda kika daɗe kina cigiya. Rabonta da fitar da dogon labari tun 2013. Mata huɗu ne, a lokacin kullen korona, kowacce tana lissafin rayuwarta. Gaskiya ya yi tsawo, kuma soyayyar Chiamaka da samarinta ta gundure ni a tsakiya. Ki daure ki kai kan Kadiatou, Bafulatanar Gini mai sharar ɗakuna a wani otal a Amurka. Saboda ita kaɗai ma littafin ya biya nauyinsa. Kada ki bar shi inda yara za su ɗauka.

Ƙanena mai gardama, naka James ne na Percival Everett, wanda ya ci kyautar Pulitzer ta Amurka a 2025. Tsohon labarin nan na Mark Twain ya ɗauko, na yaro da bawan da suka gudu ta kogin Misisipi, sai ya ba bawan bakin magana. A cikinsa bayi suna iya Turanci tsaf a tsakaninsu, amma da Bature ya doso sai su koma gwaranci don ya ci gaba da raina su, su tsira da ransu. Har darasi suke ba 'ya'yansu a kan haka. Akwai wani guntun fensir a labarin, ka lura da abin da ya jawo. Kwana biyu na yi na gama shi, kai na san dare ɗaya zai ishe ka.

Auta ta ce ba ta son littafi mai kauri, to ga Orbital na Samantha Harvey, shafi 136 kacal, Booker ta 2024. 'Yan sama jannati shida ne a tashar sararin samaniya, kwana ɗaya tak, suna zagaya duniya sau 16, rana ta fito musu sau 16 ta faɗi sau 16. Kusan babu abin da ke faruwa, in ban da mahaukaciyar guguwar da suke hangowa tana tunkarar Filifins. Sai ɗaya daga cikinsu, 'yar Japan, da aka aiko mata cewa mahaifiyarta ta rasu, ga ƙasarsu tana wucewa ta ƙarƙashin taga, babu halin sauka. Wannan wurin ban iya karanta shi sau biyu ba. Da na kai nan ne na kira Umma cikin dare har kuka tsorata, kun tuna? Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Na rubuta sunan kowa a shafin farko na nasa, don kada a yi rigima, amma ku yi musanya in kun gama. Aro ne ban yarda da shi ba, mun san yadda littattafan Baba suka ƙare. Abokiyar tawa mako uku za ta yi, kuma jakarta za ta dawo da sauƙi. Yaya, ki zaɓo mini sababbin littattafan Hausa guda uku ko huɗu, amma waɗanda kika karanta da kanki. Baba kuma ina jiran ko da shafi ɗaya ne da rubutun hannunku a kan Badar.

A gaida kowa da kowa. Ƙarfe bakwai zan fita, bari in ɗan runtsa.

'Yarku mai kewarku.