A Koya wa Yara Yadda Ake Huce Fushi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da iyaye da malaman ƙananan azuzuwa kan abin da muke yi idan yaro ya ɓarke da kuka ko ya faɗi ƙasa yana birgima. Yawancinmu tsawa muke yi, ko mu ɗauko bulala, ko mu ce "yi shiru ko in kira dodo". Yaron yakan yi shirun, amma tsoro ne ya rufe masa baki. Fushin na nan, anjima kaɗan zai huce a kan ƙaninsa.

Birgima ta fi yawa daga shekara 1 zuwa 4, kuma ba lalacewar tarbiyya ba ce. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya danne zuciyarsa, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Shi ya sa yi wa yaro nasiha yana tsakiyar kuka ɓata yawu ne.

Abin da ya dace shi ne uwa ta durƙusa har idonta ya yi daidai da nasa, ta sassauta murya, ta faɗa masa abin da ke damunsa: "Ranka ya ɓaci don Yaya ta karɓe maka ƙwallo." Yaro ɗan shekara 3 bai san sunan abin da ke tafasa a ƙirjinsa ba, sai an riƙa gaya masa. Sannan ta kafa doka a taƙaice: "Ka yi fushinka, amma ba a duka." In ya ɗaga hannu ta riƙe hannun, ba tare da murɗewa ba. Inda aka fi yin ɓarna shi ne a bakin shago: an hana shi biskit, ya yi birgimar minti biyar, kunyar idon mutane ta sa an saya masa. Darasin da ya ɗauka shi ne birgima na biyan buƙata, gobe zai yi ta minti goma.

Koyarwa sai ya huce. A sa ya ɗora hannu a ciki, ya ja iska ta hanci ana ƙirga 4, ya hura ta baki a hankali ana ƙirga 6, kamar mai fifita kunu da baki. Sau biyar ya isa, kuma a maimaita kullum cikin wasa, don dabarar da ba a saba da ita ba ba ta zuwa lokacin fushi. Wanda ya kai shekara 7 a koya masa hadisin da Abu Dawud ya ruwaito: mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. A kuma daina ce wa yara maza namiji ba ya kuka. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Sau da yawa yunwa ce ko barci ke jawo rigimar. Ɗan shekara 3 zuwa 5 na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Yaron da ya dawo daga boko aka tura shi Islamiyya bai ci ya huta ba, rigima tasa ce da magariba.

Wasu yaran sukan shiɗe in kuka ya yi tsanani, leɓensu ya canja launi. A kwantar da yaro ta gefe, kada a girgiza shi, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. Yawanci numfashi kan dawo cikin minti ɗaya. A kai shi asibiti a auna jininsa, don ƙarancin jini na ƙara yawan shiɗewar. Haka wanda birgimarsa ke yawan wuce minti 25, ko yake buga kansa da bango, ko ya haura shekara 5 abin na ƙaruwa, likitan yara ya kamata ya duba shi.

Wassalam.

Daga wani malamin firamare, Zariya