Canjin wajen aiki ba hukunci ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in amayar da abin da ya tsaya mini a rai kusan shekara guda. Ni malamin makaranta ne, na yi shekara 35 da alli a hannu kafin in yi ritaya, kuma ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba sai yau.

Ɗan ƙanwata yaro ne mai shekara 19, yana koyon gyaran waya a shagon wani a bakin kasuwa. Da ciwon sikila aka haife shi. Wata ranar Alhamis da la'asar, cikin hunturun bara, wani mutum ya zo shagon da 'yan sanda biyu yana neman mai shagon, wai ya ba shi kuɗi ya sayo masa wayoyi bai kawo ba. Mai shagon ba ya nan. Sai suka ce wa yaron ya rufe shago ya biyo su, idan ubangidansa ya ji yana hannu ai zai fito.

Da magariba mahaifiyarsa ta tafi caji ofis ɗin da abinci da bargo da rigar sanyi da ledar magungunansa. Wanda ke kan kanta ya karɓi abincin, ya mayar mata da sauran, ya ce sai oga ya ba da izini, oga kuwa ya tashi. Ta yi masa bayanin ciwon yaron, ta ce sanyi ne babban abokin gabarsa. Ya ce mata, "Hajiya, duk wanda aka kawo nan cewa yake ba shi da lafiya." Ranar Juma'a ni na je da kaina. A bango, daidai saman kan wanda nake magana da shi, akwai takarda da aka liƙa mai cewa beli kyauta ne. A ƙarƙashinta aka nemi in kawo Naira 50,000. Na tambayi laifin yaron, mai binciken ya ce, "Baba, kawo ubangidansa ka tafi da yaronka." Na nemi ganin DPO, aka ce ya tafi masallaci. Bayan an sauko aka ce yana taro. Ranar Asabar ko motarsa ban gani ba.

Wajen ƙarfe biyun daren Asabar aka kira ni a waya, aka ce in zo in ɗauki yarona. Na same shi kwance a kan siminti, ba riga, ya yi kuka har murya ta ƙare, sai numfashi. Waɗanda suke tsare tare da shi suka gaya mini tun bayan isha'i suke dukan ƙofa. A wannan halin ma sai da aka karɓi Naira 20,000 a hannuna, wai kuɗin takarda. Na biya, Edita, ba zan ɓoye ba, domin a wannan daren ko gidana aka ce in sa hannu in bayar zan bayar. Ya yi kwana 11 a asibiti, an ƙara masa jini leda biyu, kuma har yau ƙugunsa na hagu bai koma daidai ba.

Ba wanda ya doke shi. Ina so a riƙe wannan, don shi ne dalilin wasiƙata. Idan ana maganar zaluncin ɗan sanda, hankalin mutane kan tafi ga harbi da gora da rataye mutum a ɗakin tambayoyi. Amma akwai wani nau'in da ba ya barin tabo: a kulle mutum a manta da shi, a hana shi magani, a ji ana dukan ƙofa a juya kwanciya. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Matar nan ma ba ta doki kyanwar ba.

Da yaron ya ɗan farfaɗo, wani tsohon ɗalibina da ya zama lauya ya zaunar da ni ya buɗe mini dokoki. Na sha mamaki, domin duk abin da aka yi mana akwai layin da ya hana shi ƙarara. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun 1943, ta ce a sashe na 36 ba a kama mutum a madadin wanda ake zargi. Sashe na 32 ya hana kama mutum don rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, mu kuwa kotu da caji ofis ɗin ko kilomita biyu ba su kai ba. Doka ta kuma ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Akwai ma dokar hana azabtarwa ta 2017 da ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25. Ashe dokoki muna da su har sun yi mana yawa.

Na rubuta takardar koke, na haɗa da takardun asibiti, na kai wa na sama da su. Na yi sawu bakwai. A tsakanin nan aka turo mini mai unguwa da wasu dattawa biyu da nake jin nauyinsu, suka ce a yi haƙuri a bar wa Allah, mai binciken yana da mata da 'ya'ya, kada in zama sanadin raba shi da abincinsa. Bayan wata uku sai na ji a bakin mai shayin ƙofar caji ofis ɗin cewa an yi wa mutumin canjin wajen aiki zuwa wata ƙaramar hukuma. Da na koma na tambaya, aka ce mini, "Ai an ɗauki mataki, Baba." Ba takarda, ba bayani, ba a kira yaron an ji ta bakinsa ba. Wanda ya ƙi karɓar maganin yana nan a kan kantarsa. Mutanen waccan ƙaramar hukumar kuwa, wane laifi suka yi da za a aika musu da abin da mu muka koka da shi?

Ba wai rundunar ba ta iya hukunci ba ne. Ta iya, har da sauri, idan akwai bidiyo. A watan Afrilun 2023 hoton wasu 'yan sanda uku masu rakiyar wani mawaƙin siyasa a Kano ya bazu suna harba bindiga sama, cikin 'yan kwanaki aka kore su, aka bayyana sunayensu, aka tuɓe musu kaki a gaban kyamara. Lauya Bolanle Raheem da wani ɗan sanda ya harbe a Legas ranar Kirsimetin 2022, kafin shekara ta zagayo kotu ta yanke wa wanda ya harbe ta hukuncin kisa, a watan Oktoban 2023, saboda ƙungiyar lauyoyi da 'yan jarida sun tsaya a kan maganar ba su gusa ba. Na yi murna da duka biyun. Amma cikin sel da ƙarfe biyun dare babu mai ɗaukar hoto, tun a kanta ake karɓe wayoyi. Shi kuma ɗan koyon gyaran waya ba shi da ƙungiya.

Idan ba irin wannan matsi, dubi yadda abin yake tafiya. Matasa shida da 'yan sanda suka kashe a Abuja a watan Yunin 2005, waɗanda ake kira 'yan Apo shida, sai a 2017 aka yanke hukunci, shekara 12 ke nan: biyu daga cikin ƙananan jami'ai suka samu hukuncin kisa, aka sallami uku. A Maiduguri, dattijo Baba Fugu ya kai kansa wurin 'yan sanda da ƙafarsa a 2009 bai fito da rai ba. Kotu ta ce a biya iyalinsa diyyar Naira miliyan 100, aka biya daga baitulmali, wato da kuɗina da naka. A nan ne nake ganin gizo yake saƙa. Idan kotu ta ce a biya diyya, ba daga aljihun wanda ya yi ta'asar take fita ba, don haka ba ya jin komai a jikinsa. Sau da yawa ma ba ta fita sam, domin lauyana ya nuna mini wani sashe na 84 a dokar zartar da hukuncin kotu da ke cewa sai Antoni Janar ya amince kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Wato ka kai ƙarar gwamnati ka yi nasara, sannan ka koma roƙon lauyan gwamnati ya yarje maka ka karɓi haƙƙinka.

Mu a Arewa akwai namu laifin, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Lokacin zanga-zangar EndSARS a watan Oktoban 2020, da yawanmu mun ɗauka rigimar 'yan Kudu ce. Bayan an rushe SARS, sashen 'yan sanda mai yaƙi da fashi da makami da aka yi zanga-zangar a kansa, ranar 11 ga watan, aka umarci jihohi su kafa kwamitocin shari'a don sauraron koke-koken jama'a. Jihohi bakwai ba su kafa ba: Kano, Jigawa, Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Borno da Yobe. Duk namu ne. Shin mu ba a zaluntarmu ne? Shekara huɗu bayan haka, ranar 1 ga Nuwamban 2024, duniya ta ga 'ya'yanmu da aka kwaso daga Kano da Kaduna bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, an tsare su kusan wata uku, suna zubewa a gaban kotun tarayya a Abuja don yunwa. Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, muka yi hamdala, muka watse. Wanda ya tsare ƙananan yara wata uku har haƙarƙarinsu ya fito, ai yana da suna da lambar aiki, kuma abin da ya kamata mu nace sai mun ji ke nan.

Dattawan da suka zo mini da maganar a bar wa Allah na girmama su, amma ban yarda da su ba. Yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ce, shi zai bayar in ya so. Ba a yafe wa mutum a madadin yaron da zai kulle gobe.

Na san halin da ɗan sanda yake ciki. Cikin ɗalibaina akwai waɗanda suka shiga aikin, biyu daga cikinsu 'yan bindiga sun kashe su a bakin aiki, na je janazarsu. Na san kurtu da kuɗinsa yake ɗinka kaki, na san wani lokaci sai mai ƙara ya zuba mai kafin mota ta tashi, na ga tsofaffin 'yan sanda suna zanga-zanga a Abuja a kan kuɗin fansho. A gyara musu wannan, ina bayansu. Amma karɓar ledar magani daga hannun uwa a miƙa wa ɗanta ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Don haka kirana ga Sufeto Janar da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda tsarin mulki ya ba ikon ɗauka da ƙarin girma da ladabtar da kowane jami'i in ban da shi Sufeto Janar, shi ne a daina rufe koke da kalmar "an ɗauki mataki". Tun 2015 aka kafa sashen karɓar ƙorafin jama'a, dokar 2020 kuma ta ce a samar da shi a kowace jiha. To duk wanda ya kai koke a ba shi amsa a rubuce: an binciki wane, an same shi da kaza, an yi masa kaza, ko kuma ba a same shi da laifi ba saboda kaza. A riƙa buga sakamakon nan duk wata uku yadda aka saba baje kolin waɗanda ake zargi da fashi a gaban 'yan jarida. Idan kotu ta yanke diyya, a ciri wani kaso daga albashin wanda ya jawo ta, ko kaɗan ne, kuma a rubuta a fayil ɗinsa yadda zai tarar da shi ranar neman ƙarin girma. Abin da ya faru a sel kuwa a tambayi DPO, ko yana nan ko ba ya nan. Ni ma da nake shugaban makaranta, in yaro ya ji rauni a aji ni ake kira, ba a taɓa karɓar uzurin cewa ina taro ba.

Ita kanta Hukumar akwai abin dubawa a kanta. Mike Okiro da Musiliu Smith da marigayi Solomon Arase duk sun shugabance ta, kuma duk tsofaffin Sufetoci Janar ne. Ban zargi ko ɗayansu da komai ba. Sai dai talakan da ɗan sanda ya cuta, in ya ɗaga kai ya ga tsohon ɗan sanda ne alƙali, gwiwarsa sanyi take yi tun kafin ya buɗe baki. Ya kamata majalisa ta duba wannan.

Yaron ya koma shago, a zaune yake aiki yanzu, ba ya iya doguwar tsayuwa. In ya hango motar 'yan sanda sai ya shige ciki ya ja ƙofa. Mai shagon ya dawo bayan mako biyu, shi da mai kuɗin suka sasanta a gaban shugaban kasuwa cikin rabin awa. Ni kuwa na sake buga takardar kokena, kwafi huɗu, lauyana ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, kuma na ce masa a rubuta sunan mai binciken da na wanda ke kan kanta a daren nan, kowa da lambar aikinsa. An sa mana rana a wata mai zuwa, kuma yaron ya ce zai je ya yi magana da bakinsa.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Malamin makaranta mai ritaya,
daga Arewa maso Yamma.