Godiya ga masu gyaran keke na gefen Kasuwar Wunti

Assalamu alaikum.

Ban saba irin wannan rubutu ba. Mu dai halinmu, in an cuce mu sai gari ya ɗauka, in an kyauta mana kuwa sai mu ce Allah ya saka mu kama gabanmu. To yau na ga ya dace in fito fili in gode wa wani dattijo mai rumfar gyaran keke da yaron da ke koyon aiki a hannunsa, a wani layi da ke gefen Kasuwar Wunti a nan Bauchi. Rumfar ba ta da allo balle suna, tayoyi ne kawai a rataye da benci ɗaya da daron ruwa. Ba su ma san zan rubuta wannan ba.

Keken ɗana ne, yaro ɗan shekara 7. Na saya masa a gwanjo lokacin da ya haddace izu biyu a Islamiyya, domin na riga na yi masa alkawari a gaban mahaifiyarsa, kuma alkawarin yaro bashi ne da ba a kwana da shi lafiya. Sati biyu ya yi yana yawo da abinsa a cikin unguwa, sai tayar baya ta sace. Na kai wa mai faci, ya manna, muka dawo. Bayan kwana uku ta sake. Na mayar, aka sake mannawa. Karo na uku da na koma, ko kallona mutumin bai yi sosai ba, yana can yana fama da tayar A Daidaita Sahu, ya ce in ajiye in dawo da La'asar. Na dawo da La'asar, keken yana nan inda na jingine shi. Na fahimci abin da ke ransa: kuɗin facin keken yaro bai taka kara ya karya ba, ga manyan tayoyi na jira. To amma ai sai ya ce ba zai yi ba, in san inda dare ya yi mini.

Na canja wuri. Can aka ce mini tif ɗin ne ya mutu, sai dai sabo. Na biya kuɗin sabo. A gabana wani matashi ya ɗauko sukundireba guda biyu ya shiga ɓanɓarar taya kamar mai fasa kwakwa, ya cusa tif, ya buga iska har tayar ta yi tauri kamar dutse, ya miƙo mini. Washegari da tsakar rana muna zaune a tsakar gida sai muka ji fas! Keken ma ba kowa a kai, yana jingine a rana. Da na koma da ƙorafi, amsar da na samu ita ce wai kekunan yara haka suke, ba a yi su don su daɗe ba, gara in sayi wani. Ko sisi ba a mayar mini ba, ko sannu ban samu ba.

Daga nan na yi zuciya. Keken ya yi kusan wata biyu a zaure yana shan ƙurar hunturu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron bai yi kuka ba, bai yi rigima ba. Kullum in ya dawo daga makaranta sai ya ɗauki tsumma ya goge sirdin, ya matsa tayar da yatsa kamar wata rana zai tarar ta cika da kanta. Mahaifiyarsa ce ta gaji ta ce, "Malam, ko dai a gyara keken nan ko a fitar da shi daga gidan nan, kallon yaron nan ya ishe ni." Wani maƙwabcina mai zuwa aiki da keke tun da aka cire tallafin mai a 2023 shi ya kwatanta mini wannan rumfa.

Ranar Asabar muka je ni da yaron. Dattijon na ɗaure sifok ɗin wani babban keke, ya amsa sallama, ya dubi ɗana ya ce, "A'a, maigida, kai ne da kanka? Me ya sami motar taka?" Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ni kuwa tun a nan na lura da abu ɗaya: mai keken aka tambaya, ba mai biyan kuɗi ba. Ya kira yaron shagonsa, saurayi da bai wuce shekara 18 ba, ya ce ya duba mana, kuma kada ya taɓa komai sai ya gano abin da ke cin tif ɗin.

Wannan saurayi shi ne dalilin wasiƙar nan. Ya kifa keken, ya sa sifana mai lamba 15 ya kwance notin, ya zare wilin. Bai ɗauko sukundireba ba, da 'yar liba marar kaifi ya ɗaga bakin tayar, sauran kuma da hannu ya ƙarasa. Yana zaro tif ɗin sai ya tsaya, ya ce, "Baba, zo ka ga." Tif ɗin da aka sayar mini na keke mai lamba 20 ne, alhali tayar ɗana lamba 16 ce. Da ya yi tsawo sai aka naɗe rarar aka cusa a haka, a daidai naɗin nan kuwa ya tsage. Ya nuna mini rubutun da ke jikin tayar, 16 x 1.75, a gefensa kuma 47-305. Ya ce lamba ta biyun ita ta fi gaskiya, 47 faɗin taya ne, 305 kuma girman bakin rim, dukansu a milimita. Ya ƙara da cewa akwai wata tayar da ita ma ake kira 16 amma tata lambar 349 ce, ko za a kwana ana turawa ba za ta zauna a wannan rim ba. Shekara nawa ina koyar da lissafi a firamare, ban taɓa sunkuyawa na karanta jikin taya ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki ɗan tsumma ya zagaya da shi cikin tayar a hankali, sai tsumman ya maƙale. Tsinin ƙayar tsidau ne, bai kai ƙwayar gero ba, ya karye a cikin robar, kansa na leƙowa ta ciki. Ashe duk facin nan da aka yi ta yi, ana mayar da tif ne a kan ƙayar da ta huda shi. Duk wanda ya san filayen bayan gari bayan ɗaukewar damina ya san yadda tsidau ke bushewa ya watsu a hanya, kuma nan ne yaranmu ke wasa. Sannan ya nuna mini cikin rim ɗin: robar da ke rufe kawunan sifok ta ruɓe, biyu daga cikinsu suna tsaye tsirara da tsatsa. Ya ce ko babu ƙaya, waɗannan kaɗai sun isa su ci sabon tif.

Na ce to a canja komai gaba da baya in huta. A nan dattijon ya ɗago kai ya ce, "Malam, kada ka zubar da kuɗinka. Ta baya ta gama aiki, dubi gefenta ya tsattsage har zare ya fito. Ta gaba kuwa da sauranta, sai maigida ya fi ƙarfin keken nan ba ta mutu ba." Wallahi sai da na sake dubansa. Tayoyin nan suna rataye a bayansa, ni na kawo kaina na ce a sayar mini biyu, ya ce ɗaya.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. An sa sabuwar roba a rim, sabon tif daidai lambarsa, sabuwar taya. Abin da kawai saurayin ya tambaye ni shi ne irin famfon da nake da shi a gida, don ya zaɓo tif mai bawul irin na mashin da mota maimakon irin na tsofaffin Raleigh da Phoenix mai 'yar roba a ciki. Ya miƙa wa ɗana famfo ya ce shi zai buga iskar da kansa, ya nuna masa inda aka rubuta iyakar iskar da tayar ke ɗauka, ya ce in ta kai ya tsaya, kuma ya daina barin keke a tsakiyar rana.

Wajen mayar da wilin ne ya gano abin da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Keken irin wanda ake taka birkinsa da mayar da feda baya ne. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke fitowa daga cibiyar wilin baya a ɗaure shi a jikin keken, shi ke riƙe birkin. Wanda ya kwance wilin a baya bai mayar da notinsa ba, ƙarfen yana lilo. Da tif ɗin nan bai fashe a gida ba, da yaron ya gangara da shi layinmu da ke faɗawa kan titi, ya taka birki ya ji wayam. Saurayin ya laluba gwangwanin notinsa ya samo daidai, ya ɗaure, ya ja sarƙar ta daidaita, ya ɗiga mata mai. Ba a sa wannan a lissafi ba. Da na miƙa masa ɗan wani abu na kansa, sai da ya dubi maigidansa tukuna, dattijon ya gyaɗa kai, sannan ya karɓa da hannu biyu.

Ina zaune a bencin nan na tuna wani abu da na taɓa karantawa, cewa tayar iska ma a kan keken yaro ta samu karɓuwa. John Boyd Dunlop, likitan dabbobi mazaunin birnin Belfas da ke tsibirin Ireland, don keken ɗansa mai ƙafa uku ya haɗa tasa, ya yi mata rajista a 1888. Na gaya wa dattijon, ya yi dariya ya ce ashe su maigida ne iyayen gidan sana'ar.

Abin da ke damuna shi ne me ya sa wannan zai zama abin mamaki har in zauna in rubuta wasiƙa a kai? Duba cikin taya kafin a mayar da tif ai ba wani sirri ba ne. Amma ka kai waya gyara, a ce maka sikirin ne, ka biya, ka dawo gida ka tarar lasifika ta daina magana. Ka kira mai gyaran janareto, ya canja maka fulogi sau uku bai taɓa buɗe kafireto ba. Mai gyaran famfo ya naɗe bututu da tsohuwar roba ya karɓi kuɗin sabo. Na tela kafin Sallah kuwa ba sai na faɗa ba. Kowa sauri yake ya karɓa ya sallame ka, in ka dawo da ƙorafi a nuna maka kai ne ba ka iya riƙon kaya ba. In aikin na yaro ne ko na ƙaramin kuɗi, to wulaƙancin ninki biyu ne. Na san rayuwa ta yi tsada, na san kayan gyara marasa inganci sun cika kasuwa, amma tsada ba ita ta hana mutum ɗaure noti ɗaya ba.

Yau sati 6 ke nan, sau ɗaya kawai muka ƙara iska, shi ma yaron ne ya buga da kansa. Tsohon tif ɗin da suka naɗe suka ba mu, mahaifiyarsa ta yanka tana ɗaure buhun gawayi da shi, ragowar kuma na kama ɗan nawa yana shirin yin danƙo, na ƙwace.

Baba, na gode. Kai kuma saurayi, Allah ya yi wa hannunka albarka, ya nuna mana ranar da za ka buɗe taka rumfar. Maigida ya ce in gaya muku ƙararrawarsa ta daina ƙara, muna nan tafe ranar Asabar in sha Allah.

Wassalam,
Wani malamin firamare a Bauchi