Kada a ɗaure rangwamen jirgin ƙasa na dattawa a jikin wayar hannu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi dattawa masu hawa jirgin ƙasa a nan Birtaniya, inda nake zaune, wato yadda katin rangwamen kuɗin tikiti yake ƙaura sannu a hankali daga aljihu zuwa cikin wayar hannu. Na ga ya dace in rubuto ne saboda da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida suna da iyaye mazauna nan ko masu zuwa ziyara, kuma galibi 'ya'ya ne suke yanke musu shawarar irin katin da za a saya.

Katin da nake magana a kai shi ne Senior Railcard, wanda duk wanda ya cika shekara 60 yake da damar saya, ko da baƙo ne mai fasfon wata ƙasa. Yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mafi yawan tikiti, in ban da tafiyar safiyar ranakun aiki a cikin yankin Landan da kudu maso gabashin Ingila, lokacin da ma'aikata suke cika jirage. Tun daga watan Maris na 2025 kuɗinsa fam 35 ne na shekara guda, fam 80 kuma na shekara uku, don haka dattijon da yake zuwa ganin jikokinsa a wani gari mai nisa yana iya mayar da kuɗin katin a tafiya ɗaya ko biyu.

Ba na musun amfanin katin waya. Yana shiga manhaja da zarar an gama biya, ba sai an jira gidan waya ba, ana iya ajiye shi a kan waya biyu, kuma ba ya ɓacewa a cikin tarkacen jaka. Ga wanda hannunsa ya saba da waya, wannan sauƙi ne babba, kuma akwai dattawa da yawa da suka fi 'ya'yansu iya sarrafa ta. Damuwata tana kan sauran, waɗanda ba su da yawan magana a inda ake tsara irin waɗannan abubuwa.

A duba abin da ake bukata kafin katin ya shiga waya: adireshin imel, kalmar sirri, lambar fasfo ko ta lasin tuƙi domin tabbatar da shekaru, hoton fuska da za a ɗora, katin banki, sannan a sauko da manhaja a shigar da wata lamba da aka turo ta imel. Kusan kowane mataki daga cikin waɗannan yana sa dattijo ya nemi taimakon wani, kuma taimakon ba ya ƙarewa a ranar saye, domin manhajar tana bukatar a riƙa haɗa ta da intanet, wayar tana bukatar caji, kuma ranar da aka canza waya sai an sake dawo da katin. Na taɓa zama kusa da wata dattijuwa a jirgi lokacin da mai duba tikiti ya nemi ganin katinta. Ta ciro tabarau, ta goge fuskar wayar da gefen mayafinta, yatsanta yana rawa tana ta danna abin da ba shi ba, har ta ce da shi jikarta ce ta sa mata kuma ba ta san inda yake shiga ba. Mutumin ya yi mata haƙuri, amma na ga yadda ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da laifi, alhali ta biya kuɗin katinta cif.

Ba kunya kaɗai ake ji wa tsoro ba. A ƙa'ida, wanda ya sayi tikitin rangwame ya kasa nuna katinsa ana ɗaukarsa tamkar ba shi da tikiti mai inganci, mutuwar batir kuma ba hujja ba ce. Ana iya sa shi ya sayi sabon tikiti ko a ci shi tara, wadda tun daga watan Janairu na 2023 ta kai fam 100 a Ingila ban da kuɗin tikitin, ko da yake tana komawa fam 50 idan an biya cikin kwana 21. Ga mai rayuwa da kuɗin fansho, wannan asara ce da za ta iya sa shi ya haƙura da tafiya gaba ɗaya.

Wani zai ce ai katin roba yana nan, kuma gaskiya ne, har yanzu ana sayar da katin riƙewa a hannu na shekara guda a tagar tikiti ta tasha. Sai dai alamu sun nuna inda aka dosa. A Jamus, kamfanin jiragen ƙasa na Deutsche Bahn ya daina ba da katin roba na rangwamensa, wato BahnCard 25 da BahnCard 50, tun daga watan Yuni na 2024, ya bar wa marasa waya takardar da za su buga, abin da ƙungiyoyin tsofaffi suka yi ƙorafi a kai. A Ingila ma, a 2023 an fito da shirin rufe mafi yawan tagogin sayar da tikiti, kuma ba a janye shi ba sai a watan Oktoba na 2023 ɗin, bayan jama'a sun aika da ra'ayoyi kimanin 750,000. Da shirin ya tabbata, da an toshe hanya mafi sauƙi da dattijo yake bi ya sayi katinsa da kansa, ya miƙa fasfo da kuɗi ga mutum ɗan'uwansa.

Abin lura shi ne katin hawa bas kyauta, wanda ake ba mazauna Sikotland da Wales daga shekara 60, a Ingila kuma sai an kai shekarun fansho, har yanzu na roba ne, haka ma Freedom Pass, katin tafiya kyauta na dattawan Landan. Dattijo yana ciro shi daga aljihu ya ɗora a kan na'ura ya wuce, bai roƙi kowa ba. Wannan 'yancin tashi ka tafi ba tare da jiran ɗa ko jika ba shi ne ainihin abin da rangwamen yake saya wa tsoho, kuma shi nake gudun a rasa.

Saboda haka ina kira ga kamfanonin jiragen ƙasa da su ba da tabbacin cewa katin roba zai ci gaba, su bari a sayi na shekara uku a tasha maimakon ta intanet kaɗai, su kuma ba mai katin waya damar riƙe na roba tare da shi, domin a yanzu ɗaya ake zaɓa. Ga 'yan'uwana masu saya wa iyaye kuwa, a tambayi Baba ko Inna wanne suke so kafin a biya, kuma idan na waya suka zaɓa, a zauna da su su buɗe manhajar da hannunsu har sai sun iya, a kuma haɗa musu da abin caji na tafiya.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karatu daga Birtaniya