Minti 48 ba 0,48 ba ne: gyara kan lambobin GPS a Excel

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarku kan wata magana da ta shafi masu awon filaye, da ma'aikatan da ke ƙidayar rijiyoyi da foraji a ƙauyuka, da ɗalibai masu zana taswira. Kuskure ɗaya ne yake ta maimaituwa a takardun da ke yawo: a karanto wuri daga GPS da digiri da minti da sakan, a zo gaban kwamfuta a share alamomin, a dasa waƙafi a tsakiya, shi ke nan wai an juya.

Birnin Damagaram yana wajen 13°48′ arewa, 8°59′ gabas. Wanda ya rubuta 13,48 da 8,59 ya ɗauke birnin ya kai shi kusan kilomita 35 kudu, sama da 40 yamma, can ƙasar Kance da Matamai. Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba, minti ɗaya kuma sakan 60, tamkar agogo. Ke nan minti 48 shi ne 48 a raba da 60, wato 0,8. Daga kudu zuwa arewa digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, minti ɗaya mita 1852, sakan ɗaya mita 31. Sakan ɗaya ya isa ya cusa kan iyakar gona cikin burtali, kuma kowa ya san abin da hakan ke jawowa idan damina ta faɗi. Tun da dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, irin waɗannan lambobi suna shiga takardun shaida, ba kan taswira kaɗai suke tsayawa ba.

Hanyar da ba ta ba da wahala ita ce a ba kowane ɓangare gidansa a Excel: digiri a A2, minti a B2, sakan a C2, sannan a rubuta =A2+B2/60+C2/3600. Da 13, 48 da 19 za a samu 13,805278. Lamba biyar bayan waƙafi ta wadatar, domin ta biyar ɗin kusan mita ɗaya ce, GPS na wayar hannu kuwa da ƙyar yake kai wannan daidaito. Mai jera lamba goma sha biyu ado kawai yake yi.

Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci aka saita su, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe. Excel na Faransanci waƙafi ya sani a matsayin alamar ɓangaren lamba, su kuwa GPS da manhajojin tattara bayanai a waya galibi aya suke fitarwa. Idan aka manna 13.805278 sai ya lafe a hagun gida, alamar an ɗauke shi rubutu ne, duk lissafin da ya taɓa shi ya dawo #VALEUR!. Maganinsa =CNUM(SUBSTITUE(A2;".";",")). Haka nan dabarar da aka kwafo daga intanet da INT, ROUND da waƙafi tsakanin sassa ba za ta tashi ba sai an mayar da ita ENT, ARRONDI da waƙafi mai ruwa.

Komawa baya, daga 13,8333 zuwa digiri da minti da sakan, ya fi buƙatar hankali. Abin da aka saba shi ne a cire digiri da ENT, mai yar da abin da ke bayan waƙafi, a ninka saura da 60 a cire minti, a sake ninkawa a cike sakan. Gwada shi da 13,8333 ka gani: minti zai fito 49, sakan 59,88, a cike ya zama 60. Sai takarda ta fito da 13°49′60″, abin da babu shi, alhali 13°50′00″ ake nufi. A fara cikewa tun daga sama. Idan 13,8333 yana A2, a B2 a sa =ARRONDI(ABS(A2)*3600;0), wanda zai ba da jimillar sakan, 49800. Digiri shi ne =ENT(B2/3600), minti =ENT(MOD(B2;3600)/60), sakan =MOD(B2;60). Ta nan 60 ba ta da ƙofar shigowa.

Wani zai ce me ya kawo ABS, mai cire alamar ragi, tunda Nijar gaba ɗayanta tana arewa da Ikwaita, gabas da layin Girinwic, lambobinmu ba su da alamar ragi. Gaskiya ne, shi ya sa ma ake sakaci har ranar da aka karɓi fayil daga Mali ko Burkina. Wagadugu tana 1°31′ yamma. A sa -1 a A2 da 31 a B2, dabarar farko ta ba da -0,483 maimakon -1,517, tazarar da ta haura kilomita 110, domin ta tara mintin ne a inda ya kamata ta rage. ENT ma tana da nata halin: ƙasa take gangarawa, ENT(-8,5) ta ba da -9, TRONQUE ce ke ba da -8. Wasu suna ninkawa da SIGNE(A2), amma wannan yana mutuwa idan digiri sifili ne, kamar Akara da ke ƴan mintoci yamma da Girinwic. Mu dai mun fi yarda da a rubuta digiri ba ragi, a ware D2 don harafin shiyya, a yi =SI(OU(D2="S";D2="O";D2="W");-1;1)*(A2+B2/60+C2/3600). An sa O da W duka biyu saboda takardar Faransanci O take rubuta yamma, na'ura kuwa sau da yawa W.

Akwai gajeriyar hanya da wasu ke so: a rubuta 13:48:19 kamar lokaci, a ninka da 24, a mayar da gidan zuwa tsarin Nombre. Tana aiki, domin Excel yana ajiye awa a matsayin ɗaya cikin 24 na yini. Don komawa, a raba da 24 a sa tsarin [h]:mm:ss. Idan aka manta da bakan da ke kewaye da h, digiri 39 zai koma 15. Lamba mai ragi kuwa ##### kawai za ta nuna. Ta dubawa da sauri ce, ba ta fayil ɗin da zai bi hannuwa da yawa ba.

Tsari na uku shi ya fi yaudara. GPS na hannu da dama suna zuwa a saite da digiri da minti mai ɓangare, kamar 13°48.317′. Wannan 317 ba sakan 31 ba ne. 0,317 sau 60 sakan 19 ne, bambancin ya kusa mita 400. Dabararsa =A2+B2/60 kawai. Masu tsofaffin na'urorin awo na Faransa su duba ko da girad suke karatu, inda zagaye yake 400 ba 360 ba. Sai an ninka da 0,9 kafin ya zama digiri. Mai lissafin nisa ko alƙibla, wadda daga Damagaram take wajen digiri 71 daga arewa zuwa gabas, ya tuna SIN da COS radiyan suke karɓa: COS(13,8) zai ba da 0,33, COS(RADIANS(13,8)) ya ba da 0,97, kuma Excel ba zai yi ƙorafi a kan ko ɗaya ba.

Roƙonmu gare ku, Malam Edita: idan sanarwar fili ko ta aikin foraji ta zo muku da lambobi, kada mai tsara shafi ya goge °, ′ da ″ don neman wuri, kuma a bar harafin shiyya. Mai kawo sanarwar kuma ya ɗauki layi biyu ko uku ya manna a Google Maps kafin ya miƙa, bayan ya mayar da waƙafin aya, ya ga ko ɗigon ya sauka a garin da ya rubuta.

Wassalam.

Wasu masu aikin awon filaye,
Damagaram