Zuwa ga kwastomominmu, game da dakatar da biyan kashi-kashi

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu. Maganar da ake ta yi ta iso mana, wai tunda muka dakatar da ba da kaya a biya kashi-kashi mun koma sai mai kuɗi muke kulawa. Wallahi maganar nan ta yi mana ciwo, don duk wanda ya san mu ya san da kuɗin ma'aikata masu jiran ƙarshen wata da ƙananan 'yan kasuwa muka tsaya da ƙafafunmu.

Dilan da muke ɗaukar firji da fanka da keken ɗinki a wajensa, a da yana ba mu kaya mu sayar mu biya, yanzu ya ce sai kuɗi hannu, shi ma ya ce banki ya ƙara masa kuɗin ruwa, to amma mai ƙarfin da zai sayi tirela guda a take ragi ake masa, ya zuba a sito ya jira farashi ya tashi ya ci riba yana zaune, mu kuma da za mu ɗauki goma ko ashirin mu ne za mu saya da tsada, ga mai sito ya ƙara mana haya, ga man mota. Fankar da muka bayar bashi, kafin a gama biya kuɗin ba ya sayo irinta. A haka jarinmu yake ta zagwanyewa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Sau da yawa idan tattalin arziki ya shiga matsi, mai gida da fili da kaya a ajiye darajarsu ke hawa, mai albashi kuwa albashinsa yana nan inda yake. A 2020 lokacin korona Bankin Duniya ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 70 sun ƙaru cikin matsanancin talauci, amma a shekara biyun farko na annobar, ƙungiyar Oxfam mai yaƙi da talauci ta ce dukiyar attajirai goma mafi kuɗi a duniya ninkawa ta yi. Mu dai muna ɓangaren da ake matsewa, tare da ku.

Muna kan tattaunawa da mutane, muna duba wasu hanyoyi, in sha Allah za ku ji daga gare mu. Wanda ya riga ya fara biya yarjejeniyarsa tana nan yadda take, ba ƙarin ko sisi.

Baba da tun zamanin mahaifinmu kake zuwa har yau ba ka canza waje ba, da Hajiyar da ta fara da keke ɗaya yanzu yaranta ke cika mata shago, da malaman makarantar da ba su taɓa saɓa ranar biya ba, mun gode, Allah ya saka da alheri. Don Allah kafin ku je wani waje ku zo mu zauna mu yi magana tukuna.